Rijiyar Tsakiya

Da za a mayar mini da safiya ɗaya, zan zaɓi wadda na rantse a gaban alƙalin Birnin Kudu. Na rantse ne a kan ramin rini, kuma ƙarya na yi.

Mahaifinmu ya bar mana rijiyoyin rini biyu, ni da yayana. Muka haƙa ta uku a tsakaninsu. Shi ya yi haƙa, ni na shafe ta da katsi, ƙasar da ke hana ruwa tsiyayewa. Ta fi sauran kama baba, wato shunin rini. Masaƙan Sundimina suka riƙa cewa sai a ita za a tsoma musu saƙi.

Ranar da na dawo daga kasuwar Gwaram na tarar ya zuba baba a cikinta bai jira ni ba, zuciya ta ɗebe ni. Na kai ƙara, na ce ni kaɗai na gina ta. Maƙwabtan da suka ga haƙar duk sun rasu. Alƙali ya ce in rantse.

Yayana ya dube ni ya ce, "Ƙanena, kada ka yi. Ɗauke ta haka nan."

Na ɗauka raina ni yake yi. Na rantse. Alƙali ya ba ni rijiyar.

Rami ba ya tashi. Tasa rijiyar tana manne da tawa, taku biyu. Kullum muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ina jin tarinsa, yana jin muciyar da nake juya rini da ita. Yakan amsa sallama, ba ya ƙara komai.

Na nemi in sayar da rijiyar in koma garin Surko. Wanda duk ya zo taya sai ya ga yayana a zaune, ya juya. Na ce masa ya saya.

Ya ce, "In sayi gumina? Malam, juya baban rijiyarka kada ya mutu."

Na ce to ya karɓa kyauta.

"Koma wurin alƙali ka faɗi abin da ka sani, sai in karɓa."

Sau uku ina zuwa ƙofar alƙali, kunya tana mayar da ni. Ina cikin wannan jinkiri Allah ya karɓi ransa. Yanzu 'ya'yansa ke zaune a gurbinsa, suna gaishe ni da Baba, ni kuwa ban iya ɗaga kai.

Ku da kuka karanta, ina roƙonku: in ɗan'uwa ya ce kada ku yi, ku sauke hannu.