Kunya Ta Kusa Sa Kyanwa Ta Kashe Mini Ɗan Fari

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina bin labaran mutane a nan ina girgiza kai, yau na ce bari ni ma in sauke nawa, ko wata ta ji ta tsira. Lokacin da abin ya faru ni yarinya ce ɗanya, ban daɗe da aure ba, 'yar wani ƙauye a ƙasar Kabi. Kakata ce ta rene ni, kuma babu abin da ta fi zuba mini a kunne kamar kunya. Ta koya mini cewa mace ba ta ɗaga ido gaban surukai, ba ta kiran sunan uban miji, ba ta kuma nuna son ɗan fari ko da zuciyarta za ta fashe. Na haddace wannan karatu tsaf, har alfahari nake yi da shi. In aka ce wance ba ta da kunya, ni ce ta farko wajen taɓe baki.

Aure ya kai ni Malanville, wani gari a ƙetaren iyaka, bakin gulbi, inda mijina ke sayen shinkafa a hannun manoman Garou yana sayarwa a babbar kasuwa. Shekarun nan ne da duk inda ka juya soja ke mulki, kuma na ƙasarmu suka rufe iyaka. Da cikina ya tsufa, bisa al'ada gidanmu ya kamata in tafi in haihu in yi wanka. Mutane na ratsawa a kwalekwale ta ɓarauniyar hanya, amma mijina ya ce ba zai sa mace mai tsohon ciki cikin jirgi ana wasan ɓuya da jandarma ba. Haka na zauna na haihu a hannun mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke kira Inna. Kada ku ɗauka muguwa ce. Ita ta riƙa faskara mini itace, ita ke dama kunun kanwa, ita ke gasa mini nama. Sai dai mace ce da in ta faɗi magana ta zauna, ko ɗan nata ba ya ja.

Gidan namu rabi gida ne rabi rumbu, don buhunan shinkafa har bakin ƙofar ɗakina suke kaiwa. Inda shinkafa take kuwa ɓera ba ya jiran gayyata, ga ɓerayen bakin gulbi manya ne marasa tsoro. Saboda haka Inna ke kiwon kyanwoyi, waɗanda a can ake ce wa mussa. Babbarsu wata ja ce mai farin ƙirji, ƙatuwa, mai nauyi kamar an cika tulu. Duwan ake kiranta, wato kwastan, domin babu kayan da zai shigo gidan ba ta je ta sunsuna shi ba. Tun mijin Inna na da rai aka kawo ta tana 'yar ƙarama, kuma bayan rasuwarsa ita ce abokiyar hirar tsohuwar. A kwano ɗaya suke kusan cin abinci.

Allah ya ba ni ɗa namiji, ranar suna aka sa masa sunan marigayi uban mijina. Kun ga kunya ta zama biyu ke nan, ga ɗan fari ga sunan suruki. Ko kallonsa ba na yi in da mutane, sai an ce in ba shi nono in karɓa ina kau da kai, alhali in an fita na rungume shi kamar in mai da shi ciki. Mijina don murna ya sa wani direba ya kawo masa ɗan gadon jarirai na katako daga Parakou, mai shinge kewaye, sama a buɗe. Matan unguwa har zuwa kallonsa suke yi. Kullum in Inna ta yi wa yaron wanka sai ta shafe shi da man shanu tun daga maɗiga har tafin ƙafa, ta lakata masa kaɗan a baki, ta kwantar da shi a gadon. Daga nan ta ja ni bayan gida wankan jego, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganye. Duk wadda ta yi wannan wanka ta san ba abin gaggawa ba ne, kuma duk tsawon lokacin yaron shi kaɗai yake a ɗaki.

Na fara ganin jan gashi a kan zanen gadon. Wata rana na dawo na taɓa gefen yaron na ji wurin da ɗumi, ya lotsa. Rana ta gaba kuwa da idona na ga Duwan a ciki, tana lasar man da ke kansa, shi kuma yana ta mutsu-mutsu. Amma abin da na iya yi kawai shi ne na ɗauke ta a hankali na ajiye waje, ina waige kada a gan ni. Na gwada yi wa mijina zancen a kaikaice, ya yi dariya ya ce kyanwa dabba ce mai tsarki, kuma in rufa masa asiri kada in haɗa shi da tsohuwa. Na yi ƙarfin hali na ce wa Inna kamar mussa na son ɗakin nan da yawa. Ta ce mussar gida ba ta cutar ɗan gida, gadinsa take yi daga ɓera. Na koma jan ƙofa in za mu wanka, sai ta bi ta buɗe, ta ce zafin garin nan zai dafa mata miji, haka take kiran jikan nata. Wata maƙwabciya da ta lura da kai-kawona ta tsokane ni gaban mata, wai yaran zamani ko kunyar ɗan fari ba su yi. Wannan magana ta rufe mini baki ruf, domin ta taɓa ni daidai inda nake taƙama.

Ranar da ba zan manta ba ranar kasuwa ce, da hantsi, gidan babu kowa sai ni da Inna. Muna tsakiyar wanka sai na ji shirun ya yi yawa. Yaron ya saba in an kwantar da shi ya yi ɗan kuka kafin barci ya ɗauke shi, ranar ya fara sai kukan ya yanke gaba ɗaya. Na miƙe, Inna ta ce in zauna ruwa zai huce. Karo na farko ke nan a rayuwata da babba ya ce in yi abu na ƙi. Na ja zane na ɗaura na ruga. Na tarar da Duwan ta kwanta male-male a kan ƙirjinsa, wuyanta ya rufe masa hanci da baki, ta lumshe ido tana gurnani don jin daɗi. Ban san lokacin da na cafke ta na yi jifa da ita ta bugi bango ba. Na ɗago yaron na ji shi laƙwas, leɓunansa sun yi baƙi. A tsakar gidan nan, gaban Inna, na ƙwala masa kira da sunansa na yanka, sunan da ban taɓa bari ya fito bakina ba, na kira na sake kira ina hura masa iska a fuska. Na fita titi ba takalmi ba mayafi, ganye a manne a bayana. Ina gab da ƙofar likita ya ja wani dogon numfashi, ya tsanyara kuka. Wallahi har yau ban ji sauti mai daɗin wannan ba.

Ungozomar likita, wata 'yar kudu da ke jin Dendi da 'yar Hausa, ta duba shi ta ce Allah ya tsare. Ta ce jariri ba ya iya juya kai ko ture abin da ya danne shi, kyanwa kuma ɗumi da ƙanshin mai take bi, ba mugunta ba ce. Ta tambaye ni ko yau ne karo na farko da na gan ta a gadon. Na sunkuyar da kai. Wannan ita ce kunyar gaske da na ji, ba irin wadda nake ta tinƙaho da ita ba.

Na dawo gida na tarar labari ya riga ni. Abin mamaki, ba zancen yaron ake yi ba. Abin da ke bakin mata shi ne baƙuwar Kabi ta kira sunan surukinta a tsakar gida, ta kuma doki mussar Inna, kuma wai duk wanda ya doki kyanwa ya jira abin da zai biyo baya. Inna ta shige ɗakinta. Da mijina ya dawo kasuwa ya ce in je in ba ta haƙuri. Na je na durƙusa na ba ta haƙuri a kan sunan, domin wannan hakkinta ne. Sannan na ɗago kai na ce mata, da bakina, kyanwa ba za ta sake shiga inda ɗana yake ba, in kuwa hakan ba zai yiwu ba zan goya shi in shiga kwalekwale in nufi gida, jandarma su yi abin da za su yi. Na ce ɗana, ban ce yaron ba. Ban kuma janye ko kalma ɗaya ba.

Mijina, da ya ga abin na yi ne, sai ya zarce inda ban aike shi ba. Ya ce zai zuba kyanwoyin duka a buhu ya haye gada ya sake su a ƙasar Nijar. Na ce a'a. Na san in babu su ɓera ne zai hau gadon, kuma na san abin da Duwan take a wurin tsohuwa. Ni ba raba gida na zo yi ba. Washegari, duk da ana cewa mai jego ba ta fita, na goya yarona na gangara bakin gulbi wurin masunta, na samo tsohon taru mai ƙananan idanu, na wanke shi da toka da sabulu har ƙarnin kifin ya fita. Na kai wa kafinta ya yi wa gadon murfi mai ƙugiya, muka ɗaure tarun tamau a jiki yadda iska za ta shiga amma ko ƙafar kyanwa ba za ta ratsa ba. Na sa aka yi wa ƙofa da taga raga ta waya, don kada a ce zafi. Man shanu kuwa na ce a shafa masa a jiki, ban da fuska da baki. In za mu wanka, a cikin kwando nake ɗauko shi in ajiye inda idona ke kansa. Mata suka samu abin dariya, kowacce ta shigo sai ta tambaye ni nawa nake sayar da kifin da na kama. Na bar su da dariyarsu. Duwan ma ba ta haƙura da wuri ba, ta yi ta hawa kan murfin tana yaƙushi, ni kuma ina ajiye da moɗa, da ta hau in yayyafa mata ruwa, har ta gane wurin ba nata ba ne.

Kwanaki Inna ba ta yi mini magana in ba ta dole ba. Wata yamma na fito daga madafa na gan ta zaune a bakin ƙofata, jikan a cinyarta, Duwan ta nufo su tana miƙa. Sai na ga tsohuwa ta sa ƙafa ta tare ta. Ba ta dube ni ba ta ce, “Ɗiyata, ni ma na gane ta cikin gadon ga, ba sau guda ba. Na ce in uwa ba ta ce komi ba, to babu komi.” Sannan ta ce da mai sunan, wato mijinta, yana raye, shi zai fara cewa in kira da ƙarfi. Na zauna a ƙasa kusa da ita na yi kukan da ban yi ba tun ranar. Ashe ni ina jiran babba ta yi magana, ita tana jiran uwa ta yi, yaro kuma yana tsakani ba shi da bakin faɗa.

Inna ta rasu da daɗewa, Allah ya ji ƙanta, kuma har ta koma ga Allah ba mu sake samun saɓani ba. Ban rubuto don a tsani kyanwa ba, har yau akwai su a gidana. Ban kuma ce a zubar da kunya ba, ado ce, ina kuma son ta. Abin da nake cewa shi ne kada ku bar jariri shi kaɗai inda dabba za ta kai gare shi, komai sabonku da ita, ku rufe gadon, ku ja ƙofa. Ke kuma mai ɗan fari, in idonki ya ga abin da zuciyarki ba ta kwanta da shi ba, buɗe baki ki faɗa tun ranar farko, a kira ki marar kunya. Zagin mata kwana biyu ne ya wuce, yaro kuwa in ya tafi ba ya dawowa. Ku ma surukai, kada ku ɗauki shirun yarinya a matsayin lafiya.

Wancan yaron yanzu magidanci ne. Da matarsa ta yi haihuwar fari, na je barka da tsohon murfin nan a ka, na sa an canja masa taru. Na tarar da ita tana kau da kai daga jaririnta saboda ina wurin, sak yadda nake yi. Na kori kowa daga ɗakin, na ɗora mata shi a cinya, na ce ta kira sunansa in ji da kunnena. Sai da ta kira sannan na zauna.