Yatsu Uku a Madubi

Na manta abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina tuƙi, amma ranar da na ja motar wani dattijo a hanyar Gashuwa zuwa Nguru ba za ta taɓa fita raina ba.

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin na zo Nguru daga Haɗeja da wata akori-kura da mahaifina ya rasu ya bar mini. Ita ce abincina, ita ce kuma abokiyar hirata, don ba ni da kowa a garin. Direbobin tasha su yi ta hirarsu da Barbarci suna dariya, ni kuwa ina gefe kamar an aiko ni. Abin da nake taƙama da shi ɗaya ne: motata giya biyar gare ta, nasu huɗu. Na san lamba biyar ta gudu ce. Abin da ban sani ba, ta mota ce marar nauyi a kan miƙaƙƙiyar hanya, ba ta ja ba.

Wata rana da bazara na sauke kaya a Gashuwa, ina dawowa ba kowa, sai na tarar da wani dattijon direba tsaye a bakin hanya. Na san fuskarsa a tasha, kowa na girmama shi. Motarsa ta mutu murus, ko fitila ba ta kawowa, ga ta shaƙe da buhunan shinkafa.

"Ɗana, ka taimaka ka ja ni," in ji shi. "Ina so kayan nan su isa tashar jirgin ƙasa ta Nguru kafin ƙarfe uku."

"An gama, Baba," na ce, har ina rawar jiki. Wallahi daɗi na ji. A raina na ce yau za a yi maganata a tasha.

Muka ɗaura sarƙa, muka kama hanya a hankali. Ba mu yi nisa ba na hango hannunsa a madubi, ya fito da shi ta taga ya miƙe yatsu uku. Na ce to, Baba na tuna mini ƙarfe uku. Na taka totur, na sa lamba huɗu. Hannun ya sake fitowa, yatsu uku, yana girgiza su. Na ce kai, tsohon nan akwai gaggawa! Na danna lamba biyar ina murmushi ni kaɗai.

Motar ta fara wani kuka can ƙasa, sandar giya ta yi zafi a tafin hannuna, ƙauri ya cika mini hanci. Duk na ji, na kuma yi kamar ban ji ba. Sai wani abu ya ce ƙaras a ƙarƙashina. Injin na ruri, mota ba ta tafiya. Da ƙyar muka gangara gefe, baƙin mai na tsiyaya a kan yashi.

Dattijon ya fito yana murza kafaɗarsa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motata, ya daɗe bai ɗago ba.

"Giyabos ya tafi," in ji shi. "Lamba uku nake ce maka, ɗana. Mai jan kaya ba ya wuce uku. Na miƙa hannu har ya sage."

"Baba, na zaci ƙarfe uku kake nufi."

"To me ya hana ka tsaya ka tambaye ni?"

Me zan ce? Cewa na ji kunyar ya gane ni sabon hannu ne?

Bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Can wata babbar mota ta zo, mota ɗaya za ta iya ja, tasa kuwa ita ce mai kaya. Ya bar mini gorar ruwansa, ya ce zai turo a ɗauke ni. Na zauna a 'yar inuwar motata, ba gida ba bishiya, sai wani garken shanu can nesa da ya wuce bai ko juyo ba. Ban taɓa jin kewar mahaifina kamar wannan yammacin ba. Na kifa kai a jikin ƙofa na yi kuka sosai.

Ya cika alkawari, an jawo ni kafin rana ta faɗi. Shi da kansa ya zaga da ni wurin makanikai, amma ba a samu irin giyabos ɗin ba, har Kano an aika. Bayan wata biyar na sa hannu aka kwance motar, aka sayar da ita ɓangare-ɓangare ina kallo.

Tun daga ranar, in aka yi mini ishara ban gane ba, nakan taka birki in sauka in tambaya, ko da za a yi mini dariya. Tsayawar minti ɗaya na ƙi yi, na rasa abin da mahaifina ya bar mini.