Ƙwayar Gwaggo ta Safe da Yamma

Gwaggona tela ce, ƙanwar babanmu, kuma kayan jarirai kaɗai take ɗinkawa. Ɗakinta na kusa da ƙofar gida, kekenta na ƙafa yana gindin taga, gwangwanayen maɓalli da zare suna jere a kan katako. Duk jaririn da aka haifa a layinmu cikin shekara talatin, rigarsa ta farko daga hannunta ta fito. Amma ba ta taɓa ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu ba, domin ba a ba ta.

Farfaɗiya gare ta tun tana 'yar shekara goma sha huɗu. Ta yi aure sau ɗaya, bai kai shekara ba. Ta faɗi kusa da murhu, ta ƙone a damtse, mijin ya ce ba zai iya ba, ta dawo gidan yayanta da akwatinta da kekenta. Daga nan ba ta ƙara yin zancen aure ba.

Ba wanda ya taɓa fitowa fili ya ce mata kada ta ɗauki yaro. Mu a gidanmu kunya ta yi mana yawa, sai dai mu yi wa mutum yankan baya da murmushi. In mai jego ta shigo karɓar ɗinki, Gwaggo ta miƙa hannu, sai ki ji an ce, "Ai barci yake yi, Gwaggo," alhali yaron yana tsala ihu har ana ji a titi. Da ta gane, sai ta daina miƙawa. Ta koma auna jariri da ido daga inda take zaune, kuma riga ba ta taɓa yi wa wani kaɗan ba. Ni kam abin yana ci mini rai tun ina ƙarama.

Magani kuwa akwai shi. Tun da daɗewa Baba ya kai ta asibiti aka rubuta mata, kuma duk wata yakan je ya karɓo ya kawo mata har ɗaki. Ita kuma ba ta fasa faɗuwa ba, wani watan sau biyu, wani watan sau uku. Shi ke nan gida ya yanke hukunci cewa maganin asibiti bai karɓe ta ba. Baba ya ci gaba da karɓowa don dai kada a ce ya gaza.

Bayan aurena da 'yan watanni na je gida neman maɓallin rigar maigidana. Gwaggo ta ce in duba gwangwanin ƙarshe. Na yi kuskure na buɗe na kusa da shi, sai ga ƙwayoyi cike maƙil, wasu ledarsu har ta yi ja don tsufa.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Maganina ne. Mayar, kada ki zubar mini."

"To me yake yi a nan? Yaushe kike sha?"

Ko ɗagowa daga keken ba ta yi ba. Ta ce, "In na farfaɗo mana. In sha biyu in kwanta. Ina zaune lafiyata ƙalau zan yi ta ɗirkar magani? Ke kin taɓa shan maganin ciwon kai kanki bai yi ciwo ba?"

Zama na yi a ƙasa. Ashe ranar farko Baba aka yi wa bayani a asibiti, ita tana waje a kan benci. Ya fito ya ce, "Ga maganin ciwonki," ita kuma ta ce ta gode. Iyakar bayanin ke nan. Rubutun da ke jikin leda kuwa, ko wanda ya rubuta sai ya yi da gaske zai karanta. Shekara da shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya da matar nan, ba a samu mai tambayarta yadda take shan magani ba. Na ji haushin Baba, na ji haushin Umma, na fi jin haushin kaina.

Washegari na tasa ta gaba sai asibiti, da gwangwanin a jakata. Likitar wata matashiya ce marar hayaniya. Ta leƙa gwangwanin, ta rufe, ta ture shi gefe, sannan ta juya kujerarta ta fuskanci Gwaggo.

Ta ce, "Mama, wannan magani ba na bayan faɗuwa ba ne. Aikinsa shi ne ya tare ciwon kada ya zo. Kullum za ki sha, safe da yamma, ranar da kika fi jin lafiya ma ki sha. Kuma kada ki daina da kanki, ko da an shekara ba ki faɗi ba."

Gwaggo ta ce, "Wato ni nake jira ɓarawo ya gama sata sannan in kulle ƙofa."

Makonnin farko ba daɗi. Gyangyaɗi take yi a kan keke, har ta taɓa haɗa hannun riga a wuya. Ta ce ita ta haƙura, gara faɗuwar da ɓata ɗinkin mutane. Na ce ba ta isa ba. Muka koma, likita ta gyara mata yawan da za ta riƙa sha, barcin ya ragu. A wata na biyu ta faɗi sau ɗaya. Daga wannan ba ta ƙara ba. Ita ta yi wa kanta doka: ba ta zura zare a allura da safe sai ta sha, ba ta lulluɓe keke da yamma sai ta sha. In ka yi mata tuni ma faɗa za ka sha.

An shekara biyu a haka na haihu, namiji. Tun ina da ciki na tambayi likitar, ta ce Gwaggo ta zauna a ƙasa ta riƙe shi da mutum a kusa, ba laifi, wanka ne dai kada ta yi masa ita kaɗai. Na gaya wa Umma. Ta ce, "Ɗan fari ne fa, ki yi tunani." Na ce tunanin ne na yi.

Ranar da na kai shi gida da hantsi, Gwaggo tana zaune a kan tabarma tana ninke rigunan da ta ɗinka masa. Ta kalle shi, ta ce masha Allah, ta mayar da hannayenta biyu ƙarƙashin mayafi.

"Gwaggo, karɓi."

"A'a, 'yar nan. Daga nan ma ina ganinsa."

"Hannuna ya gaji. Ko in ajiye shi a ƙasa?"

Ban jira amsa ba, na durƙusa na ɗora mata shi a cinya. Ta sandare. Umma tana tsaye a bakin ƙofa, Baba yana bayanta yana yi kamar takalminsa yake nema. Sannu a hankali Gwaggo ta fito da hannu ta tallafo kansa, ta ɗaga shi zuwa ƙirjinta. Hannun bai yi rawa ba. Na ji wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka, hawaye suka zubo mini ban damu da sharewa ba.

Minti biyar ba a yi ba yaron ya tsula mata fitsari, ya jiƙa mata zane har tabarma. Umma ta samu hujja, ta taho da sauri da hannu a miƙe.

"Kawo shi, Gwaggonsu, ya ɓata ki."

Gwaggo ta ɗan juya mata kafaɗa, ba ta ɗauke ido daga fuskar yaron ba.

Ta ce, "Bar shi ya gama, Yaya. Ba a taɓa yi mini ba."