Jiƙon da na ba Baba

Shekarar da gwamnatin farar hula ta ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, idon Baba ya koma ruwan ɗorawa. Ina ɗakin mijina a Shagari aka aiko mini, na hau mota sai Bodinga.

Baba manomin albasa ne. Kullum da safe yakan buɗe rudu, rumfar karan da yake ajiye albasa, ya latsa su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi laushi ya fid da ita, don kada ta ɓata 'yan'uwanta. Ranar da na iso, ko murfin rudun ya kasa ɗagawa.

Ɗakin shan magani na garinmu ba komai sai benci. To ni ce babbar ɗiya, kuma ba na iya zama in naɗe hannu. Na ce ciwon shawara ne, na san maganinsa. Na jiƙa sassaƙen maɗaci, na sayo ƙwayoyin ciwon jiki wurin mai tallar magani a kasuwa. Biyu ba su yi ba, na ƙara biyu. In ya kau da kai sai in hau faɗa: "Haba Baba, sai ka ce yaro!" Ya shanye, ya ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Mako uku muna haka.

Da cikinsa ya kumbura, ni da ƙannena muka kai shi asibiti a Sakkwato. Likitan ya zauna bakin gado ya yi mana bayani. Ya ce hanta tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ce, ido ba ya ganinsu. Wadda ta ji ciwo takan kashe kanta da kanta, masu lafiya su hayayyafa su cike gurbin. Maganin farko shi ne a daina ba ta abin da ke cutar da ita. In aka yi ta ɗura mata, mutuwar kan fi haihuwar yawa.

Baba ya ce, "Ashe tsintar albasa takai. To likita, nawa suka rage cikin rudun?"

Likita ya juyo gare mu, ransa a ɓace: "Wa ke ba shi jiƙo da ƙwayoyi?"

Wallahi gorar maɗacin tana cikin jakata, ko a ƙofar asibitin sai da na matsa masa ya kurɓa.

Baba ya ce, "Ba kowa. Ni ka sha da kaina, a ɓoye. Ɗiyag ga har hana ni takai."

Kwana tara ya ƙara a duniya. Har yau ina jin nauyin abin, kuma ban taɓa faɗa wa ƙannena ba. In zancensa ya taso, sai su ce Baba da taurin kai, ya ƙi jin maganar Yaya.