Anti Madubi da Ƙwayarta Mai Tona Asiri

Kafin likita ya iso asibitin haƙori, Anti Madubi ta riga ta jera kayanta a kan tire: ƙananan buroshi masu kama da tsinken sakace, zare, kofunan roba, da kwalbar wasu jajayen ƙwayoyi. Sai madubin hannu mai tsagaggen gefe, wanda ya jawo mata sunan da ya danne na yanka. Shekara ashirin da shida tana wannan jeri, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye aiki.

Ita ba likita ba ce. Likita ke ɗaura wa mutane ƙarfen daidaita haƙori, shi ke shan godiya ranar cirewa. Nata aikin shi ne watannin da ke tsakani, lokacin da abinci ke maƙalewa a gindin ƙarfe yana cin haƙori a ɓoye.

Ba ta tambayar kowa ko ya goge baki. Ƙwaya za ta ba ka ka tauna, ka kurkure, duk inda buroshi bai kai ba ya rine ja wur. Sannan ta miƙa maka madubi. An ga wani malamin makaranta, da gemunsa da komai, yana rantsuwa sau uku ya goge a ranar.

"Ban ƙaryata ka ba, Malam," in ji ta. "Duba dai."

Ya duba, ya ga haƙoransa ja wur. Ta kama hannunsa kamar na ɗan yaye, ta nuna masa yadda ake karkata buroshi sama da ƙarfe, a dawo ƙasa, a zura ƙaramin a ƙarƙashin wayar da ta haɗa ƙarafan. Ta hana shi lemon kwalba da alawa, ta ce in ya goge da man haƙori mai sinadarin fuloraid ya tofar kawai, kada ya wanke da ruwa.

Mu iyaye ba mu kyauta mata ba. A kan bencin jira mun yi ta gulmarta: ta cika jinkirta layi, tana kunyata yara. Wata uwa ma, da ta ga 'yarta ta fito da jan baki tana hawaye, ta faɗa ɗakin tana cewa, "Ke dai ba ki san zafin haihuwa ba!"

Anti Madubi ta ja mata kujera. "Zauna, maman yarinya. Na sani, har ya yi mini yawa."

Ashe a shekarunta na farko a aikin, an ɗaura wa autarta ƙarfe a asibitin nan. Yarinyar ta roƙe ta, "Mama, don Allah ban da ƙwayar nan, ƙawayena za su yi mini dariya." Zuciyar uwa ta karye, ta ɗaga mata ƙafa. Kullum sai dai ta tambaya daga kicin, "Auta, kin goge?" A amsa, "Na goge, Mama." Shekara biyu a haka. Ranar da aka cire ƙarfen, haƙora sun jeru reras, amma kowane na gaba da farin tabo zagaye da inda ƙarfe ya zauna, biyu har sun yi rami. An cike ramukan, tabon bai gushe duka ba. Yau Auta matar aure ce da 'ya'ya uku, amma har yanzu in dariya ta kama ta, hannunta ke riga ta zuwa baki.

Tun daga ranar Anti Madubi ta daina tambaya.

Anti, ke ce kika zaɓi a tsane ki na minti goma a kan a yi nadama ta shekaru. Ke ce mai aikin da ba a gani, don ramin da bai fito ba, babu mai zuwa godiya a kansa. Mun gane a makare, kuma abin yana damun mu.

Jiya ta miƙa wa sabuwar nas madubin da kwalbar. Nas ta juya shi ta ce, "Anti, ai ya tsage, a sayo sabo mana."

"Sayi wanda kike so, 'yata. Abu ɗaya nake roƙo: ko ɗan cikinki ne a kujerar nan, kada ki tambaye shi. Ki nuna masa."

Mun gode, Anti, Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ki kuma yafe mana gulmar benci. Ku da ke riƙe da irin wannan aiki, ku yi koyi da ita, ku daure wa harararmu. Ɗaruruwan mutane na washe baki a hoto saboda matar nan, 'yarta ce kaɗai ke rufe nata.