Na je Yamai ɗauko idon zaki

Buza zuwa Madawa

Tun kafin kiran assalatu na sulale daga gida, don kada maƙwabta su tambaye ni inda za ni. In ce musu me? Zan yi tafiyar yini guda saboda idon zaki?

Gaskiyar ke nan kuwa. Ni mai ɗaukar hoto ne a kasuwar Buza, kuma akwai Rabi, wadda in ta ɗago ido nake manta hanyar gidanmu. Bara wani saurayi ya aiko mata hotonsa daga Abijan yana dafe da zaki, daga baya ta gano zakin zane ne a jikin labule. Tun ranar ta daina yarda da hoto da masu ɗaukarsa. Da na kai mata maganata sai ta ce, "Ku duka maƙaryata na. Kawo mani zaki na gaske, wanda kai kad ɗauka, in ga idonai. Sannan mu yi magana."

Na hau motar ƴan kasuwa, muka iso Madawa da hantsi. Kawuna Ada yana da zum, dogon gilashin nan da ake ɗaura wa kyamara ya jawo na nesa. Ya miƙo mini, ya janye.

"Sani, ba saida shi za ka yi ba?"

Sai da na rantse. Sannan ya ce, "Ka manna bakinai ga wayar keji, ka jawo zum har ƙarshe, ka jira dabba ta yi nisa da ita. Wayar ɓacewa za ta yi."

Hanyar Yamai

Na naɗe zum cikin zane, na rungume shi kamar jinjiri. Dattijon da ke kusa da ni a kar, babbar motar fasinja, ya yi ta satar kallonsa. Na ɗauka ɓarawo ne. A Ƙonni ya sauya kujera, ashe shi ma tsorona yake ji.

Wajen Dogon Dutsi jandarma ya hau duba takardu, ya tsaya a kaina.

"Mi ac cikin zanen ga?"

"Gilashin hoto na, shef."

"Wa za ka leƙe da shi?"

"Zaki."

Na kwance zanen. Ya sa na ɗaura, ya leƙa da kansa, ya daɗe yana kallon wata mai tallan ƙwai can nesa. Ya maido mini ba tare da ya yi murmushi ba.

Yamai

Na sauka wajen ƴan garinmu masu sayar da albasa. Da safe na ci dambu da zogale, na nufi gidan namun daji. Mai gadi ya biyo ni tun daga ƙofa, duk inda na tsaya ya tsaya.

Zakin yana kwance jikin waya, ya ba ni baya. A nan kusa, kowane hoto waya ce kawai da gashi. Na jira har gumi ya jiƙa mini riga. Can ya miƙe ya koma ƙuryar kejin, ya juyo. Na manna gilashi, na jawo zum, na ɗauke numfashi. Wayar ta narke. Ba abin da ya rage sai ido biyu masu launin zuma, cike da kaɗaici irin nawa. Na danna.

Da na kai a wanke, mai wankin hoto ya dubi hoton, ya dube ni. "A salula ka kwaso wannan?" Na share zancen, na karɓi abina.

Komawa gida

Ban tarar da kawu a Madawa ba, sai na wuce Buza da zum ɗin. Da la'asar na yi sallama gidan su Rabi. Ta riƙe hoton, ta juya bayansa, ta sake juyowa.

"Ina kejin?"

"Gilashin yab ɓad da shi."

"Yayana ya je wurin, ya ce zaki cikin waya yake. Wanga cikin daji shi ke. Kalandar wa ka yanka?"

Duk wahalar da na sha don in goge wayar nan, ita ce shaidar da take nema. Ta miƙo mini hoton.

A gefen tsakar gida akwai akurkin innarta mai ragar waya, da zakara a ƙurya. Na ɗaura zum, na manna, na ce ta leƙa. Ta leƙa. Ta ɗago ta dubi ragar. Ta sake leƙawa.

"Ashe abin ga ma maƙaryaci na," in ji ta a hankali. "Waya tana nan, shi ce babu."

Na sauke kyamarar. Ta zare hoton daga hannuna, ta soke shi a bakin zane.

"Amma kai ka je. Turo manyanka. Sai dai ranar biki kada a ɗauke ni da gilashin ga."

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya maido ni lafiya, na gode wa ƴan albasa da suka ba ni tabarma. Kawu Ada kuma, da ya aiko har gida a tambaya ko na sayar: gilashinka yana nan, ran kasuwa zan kawo.