Inda Yatsan Lazarus Ya Zame

A unguwar Saddar ta Karachi kowa ya san Lazarus Noronha da jakar jitarsa, amma ban da jakar ba wanda ya san komai game da shi. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, kullum cikin farar riga mai dogon hannu wadda matarsa Ottilia ke goge masa. Shekarunsa sittin da bakwai, hamsin daga ciki a kan tsirkiya ya ƙarar da su. In ka tambaye shi yaya aiki, amsarsa ɗaya ce: "Ana bugawa." Ba murna a ciki, ba ƙorafi.

Mahaifinsa ne ke koyar da mawaƙan coci, mutum mai kaifin kunne da saurin ɗaga sanda. Shi ya koya masa karanta kiɗa a takarda tun bai iya ɗaure takalmi ba, ya kuma cusa masa abu guda da ya bi shi har tsufa: abin da aka rubuta shi ake bugawa, sauti ɗaya ya kauce to an yi ɓarna, ko da duk duniya ta tafa. Da wannan tarbiyya Lazarus ya shiga ƙungiyoyin kiɗa na manyan otal, inda ake sa kwat ana buga wa masu rawa waƙoƙin Turawa masu sanyi. Da aka rufe gidajen rawa a shekarar saba'in da bakwai, abokansa suka watse, wasu Kanada, wasu Dubai, mai gangarsu ma ya koma gyaran firij. Shi dai bai je ko'ina ba, don Ottilia ta ce ba ta barin garin da kabarin uwarta yake. Sai ya koma situdiyo, inda ake naɗar waƙoƙin samari masu tara gashi da suka fara tashe a lokacin.

Aikin situdiyo na wancan zamani ba wasa ba ne. Makaɗa duka a ɗaki ɗaya suke, a buga tare daga farko har ƙarshe, mutum ɗaya ya kuskure kowa ya koma farko. Kuma kafin a danna na'ura sai an kashe fanka, kada ƙararta ta shiga cikin waƙa. Ka tara maza bakwai a ɗakin da ba taga a watan Yuni, ka kashe musu fanka, ka ga yadda imani ke raguwa.

A irin wannan ɗaki ne, a shekarar tamanin da ɗaya, aka kawo musu wani saurayi mai suna Tabish, kyakkyawa, ɗan gata, muryarsa da zaƙi amma ba ta zama inda aka ajiye ta. Waƙar da zai yi, ma'anar sunanta "Kada Ki Rufe Taga". Sau goma sha shida ana ɗauka ana zubarwa, duk laifin Tabish. A karo na sha bakwai Allah ya taimaki yaron, ya rera ta sumul. Amma a tsakiyar waƙar, inda mawaƙi ke yin shiru jita ta yi magana ita kaɗai, gumi ya jiƙa hannun Lazarus, ƙaramin yatsansa ya zame. Sautin da ya kamata ya fito tsaf sai ya fito a makare, ya ɗan karkace kamar muryar wanda kuka ya zo masa ya danne, sannan ya koma wurinsa.

Ana gamawa Lazarus ya ɗaga hannu ya kalli Mushir, mai shirya faifan, wanda ake kira Mushir Sahab don girmamawa, ta cikin gilashin ɗakin na'ura.

"Sahab, a sake. Na ɓata."

"Ka ɓata me kuma?"

"A tsakiya. Yatsana ya zame."

"Ustad, don Allah dubi yaron nan. Muryarsa ta ƙare ƙat. In ka sa shi ya sake, sai dai mu naɗi tarinsa mu sayar. Kai, ku kunna fankar nan kafin mu dahu!"

Haka faifan ya fita. A bayan kwalin ga hoton Tabish rungume da jita, alhali ko riƙe ta daidai bai iya ba. Ba a rubuta sunan makaɗi ko ɗaya ba, don haka al'adar sana'ar take: a biya ka ranarka, ka ɗauki jakarka, fuska ta mai waƙa ce. Wasu makaɗan abin na cin ransu. Lazarus kuwa har ajiyar zuciya ya yi, ya gode wa Allah da ba a liƙa sunan Noronha a jikin wannan ɓarna ba.

Sai waƙar ta kama gari. Cikin bas ita ce, wurin mai shayi ita ce, shagon aski ita ce. Abin haushin, in mutane za su yi fito, ba amshin suke bi ba, wurin nan na tsakiya suke bi, har da makarar, har da karkacewar. Samari suka dinga kwance kaset suna mayarwa don su koyi yadda Tabish ya sa jita kuka. Lazarus in ya jiyo ta tana tafe daga wani shago, tsallaka titi yake. In an nemi ya buga ta a gidan biki yakan buga, amma a gyare, kamar yadda take a takarda, kowane sauti a mazauninsa. Shekara ashirin da biyar yana gyara ta. Ban da Ottilia ba wanda ya gaya wa dalili.

Shekarun ba su yi masa sauƙi ba. Aka kawo akwatin nan mai madannai da ke kwaikwayon kowane kayan kiɗa, mutum ɗaya ya cinye aikin bakwai. Lazarus ya koma bugawa a wani gidan abinci da rana, yana zaune kusa da tukunyar shinkafar biryani, cokula suna gasa da shi. 'Ya'yansa biyu suna Toronto, sukan kira ranar Lahadi su tambayi hawan jininsa. Mushir Sahab ya rasu. Sauran 'yan ɗakin nan suka bi ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe shi ne Hilario mai babbar jita, wanda hannunsa ke cikin waƙoƙi sama da ɗari uku. Ranar jana'izarsa fadan cocin ya tsaya ya laluba abin da zai ce, sai ya ce marigayin mutum ne mai shiru da ba ya fashin zuwa coci.

A hanyar gida Ottilia ta ce, "Ka ji ko? Kai ma haka za a ce maka. Mai shiru."

"To ƙarya aka yi?"

"Laz, saura kai da Tabish kawai. In ka mutu da bakinka a rufe, shi ke nan, tasa ce har abada."

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Shi kansa ya yi mamaki. Abin da ya ɓoye duk tsawon shekarun nan, yanzu ga shi yana so a sani. Ba don ya daina jin kunyarsa ba. Ya dai duba baya ne ya ga cewa duk dubban sautukan da ya buga daidai sun bi iska, ba wanda ya riƙe ko ɗaya. Wannan guda da ya ɓata ne kawai ya tsaya, kuma ya gaji da zama ba kowa ba.

Wata biyu bayan haka wani gidan talbijin ya ƙirƙiro shirin farfaɗo da tsofaffin waƙoƙi, Tabish zai rera tasa a gaban jama'a. An ce likita ya hana shi taɓa jita saboda ciwon gaɓoɓi, don haka ana neman mai buga masa, kuma za a rubuta sunan kowane makaɗi a ƙasan allo. Wannan maganar ta suna ita ta sa Ottilia ta goge riga, ta tura shi ƙofa.

Mai shirya shirin mace ce, Mahrukh, 'yar kimanin shekara arba'in, mai magana da sauri da wayoyi biyu a hannu. Ɗakin sanyi ƙalau har yatsu na ƙagewa. Ta ba shi kujera da girmamawa, ta ce ya buga tsakiyar waƙar. Ya buga, tsaf, ba ƙura.

"Kawu, hannunka da daɗi wallahi," ta ce. "Amma ka tsallake ran waƙar. Wurin nan da take ɗan karyewa."

"Wannan kuskure ne, 'yata."

Wani mai ƙulle gashi ta baya, Wajahat, wanda shi ma aikin ya kawo shi, ya tuntsire da dariya. "Kuskure? Kawu, shekara goma na yi ina koyon wannan kuskuren naka!"

"Nawa ne kuwa," in ji Lazarus. Bai taɓa faɗa a gaban baƙo ba sai yau. "Ni na buga jitar da ke cikin faifan. An kashe fanka, gumi ya sa yatsana ya zame."

Mahrukh ta ajiye wayoyinta duka biyu. Ba ta yi masa kallon maƙaryaci ba, kallon mai son abin ya zama gaskiya ta yi.

"To buga mana shi yadda yake, Kawu."

Ya gwada. Da ya iso wurin, yatsan ya sauka daidai inda takarda ta ce, kamar jakin da ya san hanyar gida. Ya sake, ya tilasta masa ya kauce, sai ya kauce da yawa, abin ya fito kamar kukan ƙofa. Ya sake sau uku. Wajahat, ba da mugunta ba, ya ɗauki tasa jitar ya ce, "Kamar haka, Kawu," ya buga shi sak, da makarar da karkacewar.

Ana cikin haka Tabish ya shigo. Ya yi ƙiba, gashin baƙi wuluk na rini, ido a kumbure. Yana ganin Lazarus ya buɗe hannu.

"Ustad Laz! Ashe kana raye! Mahrukh, wannan mutumin ya sha wahalata ba kaɗan ba."

"Tabish Sahab, ya ce shi ya buga jitar da ke cikin faifan. Haka ne?"

Tabish ya yi murmushin da ya saba yi wa 'yan jarida. "Yana wurin, ƙwarai. Kusa da ni yake zaune, yana riƙe mini kiɗan baya. Wurin nan kuwa, mahaifiyata na asibiti a ranar, ita na tuna, hannuna ya yi rawa. Ka tuna, Ustad?"

Lazarus ya dube shi yana neman alamar ƙarya a idonsa, bai samu ba. Wannan ne ya fi kashe masa jiki. Mutumin ya faɗi labarin sau dubu har ya koma masa gaskiya, yana ganin kansa da jitar a hannu. Da ƙarya yake da sani, da akwai wanda za a yi faɗa da shi.

"Na tuna akwai zafi," Lazarus ya ce, ya soma mayar da jita cikin jaka.

Mahrukh ta biyo shi har bakin ƙofa. "Kawu, ni ban san wa zan gaskata ba, kuma ba ni da hujjar da zan nuna wa kowa. Ranar Juma'a za mu naɗa. In ka zo ka buga shi yadda yake a faifai, kujerar taka ce, sunanka a allo, kuma da bakina zan tambaye ka labarin fankar a gaban jama'a. In ba haka ba, Wajahat ne."

Ranar Litinin ce. A hanya ya tsaya wurin mai sayar da tsofaffin kasa-kasai ya sayi waƙar, ya hau bas da ita a aljihu yana jin nauyinta. Daga ranar ya daina zuwa gidan abincin. Da ya karya kumallo sai ya zauna bakin gado da rediyo mai kaset, ya kunna, ya tsayar, ya mayar baya, ya gwada. Ya shafa wa yatsan man kwakwa don ya yi santsi. Ya kashe fanka ya rufe ƙofa har rigarsa ta jiƙe. Wani lokaci ya makara amma bai karkace ba, wani lokaci ya karkace amma da gangan, kowa ya ji ya san an shirya. Tsoho ɗan shekara sittin da bakwai yana bin sawun wani makaɗi mai gumi da ya yi abu sau ɗaya bai san yadda ya yi ba. Talata ta wuce, Laraba ta wuce, bakin yatsan ya tsage.

Ranar Alhamis da la'asar ya buga wani da ya ji kamar ya kusa. Ya ɗaga murya ya kira Ottilia, wadda ke kicin tana dafa miyar kifi, ya ce ta zo ta ji. Ta zo ta tsaya bakin ƙofa da ludayi a hannu. Shekara arba'in da ɗaya tana sauraren hannun nan, ba ta taɓa yi masa ƙarya a kan kiɗa ba. Ya kunna mata kaset ɗin, ya kashe, ya ja numfashi, ya buga nasa. Sannan ya ɗago yana jira.

Ta kalli yatsan da ya tsage.

"Har yanzu daidai kake bugawa, Laz."

Ya gyaɗa kai. Ya kwantar da jitar a kan gado, ya ce ta kunna masa fanka.